Annoba ce ta ƙarar da 'yan asalin Kudancin Amurka, ko aikin tilas?

Malam Sani: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana, cuta ce ta ci mutanen nan, ba takobi ba. Agana da ƙyanda baƙi ne a ƙasarsu, jikinsu bai san su ba. Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya kama Atahualpa, sarkin daular Inka, a Cajamarca ta ƙasar Peru ta yau a 1532 da mayaƙan da ba su kai 200 ba. Ina wannan 'yar rundunar ina daular Inka, in da ba ta riga ta galabaita ba?

Hajiya Binta: Malam, ba wanda ya musa annoba. Amma ka dubi Potosí, dutsen azurfa na Bolibiya ta yau. Daga 1573 Toledo, gwamnan da Sifaniya ta naɗa a yankin, ya ɗora wa ƙauyuka mita, wato kowace shekara su ba da ɗaya cikin bakwai na mazansu. A tasa ƙeyar magidanci tafiyar makonni, sau da yawa da iyalinsa, ya shiga rami da kyandir, ya hauro tsani da buhun dutse a gadon baya. Wasu kuma aka tura su Huancavelica, a Peru ta yau, haƙar makuri, gubar da ke zubar da haƙora ta sa jiki karkarwa. Gona babu mai noma, ga yunwa. Wanda ke cikin wannan hali in cuta ta kayar da shi, wa ya kashe shi? Ba a soke mita ba sai 1812.

Aminu: Hajiya, kin tuna min diban gwamna, da Turawan Ingila suka kwashi mutanenmu haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu.

Malam Sani: To, amma sun samu 'yanci shekara 200 ke nan. Har yaushe za a ci gaba da ɗora wa Sifaniya laifi?

Aminu: Wa ya samu 'yancin, Malam? Jikokin Turawan ne suka gaji mulki da filaye. Sojojin Ajantina ne suka ƙwace ƙasar ƙabilar Mapuche daga 1878. A Bolibiya yawancin 'yan asali ba su da ƙuri'a sai 1952.

Malam Sani: Wannan laifin gwamnatocinsu ne, ba na sarkin Sifaniya ba.

Hajiya Binta: Tsarin da aka bar musu suka ɗora a kai, Malam. Ko a 2023 sai da Brazil ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyar ƙabilar Yanomami: masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya sun cika dajinsu, makuri ya gurɓata koguna, yara suna mutuwa da yunwa da zazzaɓin cizon sauro. Nan ma sawun mahaƙa cutar ta biyo.