Adakar Baba da Tarihin 'Yan NEPA: A Adana ko A Bari?

Ɗiyar Ma'aikaci, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya muka buɗe adakar mahaifinmu don rabon kayansa. A ƙarƙashin riguna na tarar da bel ɗinsa na hawa falwaya, fatar ta yi baƙi ta tsattsage, ga katin aikinsa na NEPA, ga wani littafi mai bangon kwali. A ciki ya zana layin wuta da biro, daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo har Jega, kowace falwaya da lambarta. Wani wuri ya rubuta "nan ruwa ke ci da damina". Sai da na yi kuka. Shawarata, a tattara irin waɗannan kaya da hotuna da muryoyin tsofaffin ma'aikatan wuta na Kebbi a ajiye, tun ba su ƙare ba.

Mai Walda, Jega: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Amma ƙanwata ki yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Tarihin NEPA tarihin duhu ne. Talaka bai tuna komai sai a kawo a ɗauke. Yanzu haka rabin abin da nake samu a man janareta yake ƙarewa. Kuɗin da za a kashe kan tsofaffin takardu, gara a saya wa unguwa ɗaya taransifoma.

Malamin Tarihi, Argungu: Malam, zafinka na kan hanya, amma ka dubi abin nan. A 1951 hukumar wutar lantarki ta ECN ta fara aiki. A 1962 aka kafa hukumar madatsun kogin Neja, wadda ta gina Kainji. A 1972 aka haɗe biyun aka samu NEPA. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta, namu na Kaduna mai kula da Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara ya shiga hannun 'yan kasuwa a ƙarshen 2014. Duk sauyin suna sai an kwashe fayil, an sallami mutane, an rufe wani sito. Kai da kake son sanin abin da ya jawo duhun, ina za ka samu amsa in babu takarda kuma babu tsoho? Ga shi yaron da aka haifa bayan 2005 har yau in an kawo wuta NEPA yake kira, bai ma san me sunan ke nufi ba.

Mai Walda: Malam, jerin shekaru ba ya kunna mini injin.

Baba Tsohon Ma'aikaci, Birnin Kebbi: Ɗana, jikana ke rubuta mini, ni ke faɗa. Ba ni cewa ba mu yi laifi ba, cikinmu akwai na kirki akwai na banza, kamar kowane gida. Amma bari in ba ka labarin dare guda. Iska ta kayar da waya cikin fadama, munka fita mu huɗu da tsani a kafaɗa da tocila guda. Ruwa har ƙugu, muna tafe muna ƙidayar falwaya don kada mu wuce wurin. Babu wayar hannu lokacin. Wanda zai hau sai ya jira a aiko mutum ya tabbatar an kashe layi, sannan ya ɗaura bel ya yi bisimilla. Na ƙasa na riƙe da tsani, bakinsa na addu'a. Da asuba munka gama, gari ya waye da wuta, ba wanda ya san munka kwana cikin ruwa. Mu huɗun nan, ni kaɗai na rage. Littafin da ɗiyata ta faɗa, na san irinsa, kowane shugaban 'yan layi yana da nasa. Yaran yanzu in waya ta lalace ƙarƙashin ƙasa, sai su zo gidana su tambaye ni inda anka binne ta.

Ɗan Yauri: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina goyon bayan a adana, amma da sharaɗi. In tarihin ma'aikata kaɗai za a rubuta, ba na ciki. An fara gina Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taso har ƙasar Yauri. Sama da mutum 40,000 aka tayar daga garuruwansu, tun daga Bussa har Yauri, cikinsu har da Gungawan da ke zaune a tsibiran kogi. Kakata har ta rasu in mun shiga kwalekwale takan nuna wani wuri da ba ka ganin komai sai ruwa, ta ce nan gonarsu ta albasa take, can kuma kaburburan iyayenta. Megawat 760 na wutar Kainji da ake faɗa, a kan gonakin mutanenmu aka same shi. Wannan ma tarihin wuta ne.

Malamin Tarihi: Babu ja. Kuma akwai wanda mutanen Kebbi ke mantawa: babban layin da ya taso daga Kainji a Birnin Kebbi yake sauka, daga nan wani ya wuce Yamai tun shekarun 1970. Da aka yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, sai kowa ya tuna da layin. Su waye suka kafa turakunsa? Ko sunan mutum ɗaya ba mu riƙe ba.

Mai Walda: To na ji. Wa zai biya? In kamfani ko gwamnati ce za ta ɗauki nauyi, littafin yabon kai za a buga, a sa hotunan manya, a bar irin su Baba da kakar ɗan'uwanmu na Yauri a waje.

Ɗiyar Ma'aikaci: Yaya, ba gini nake nema ba. Waya kowa na da ita. A zauna da tsoho a naɗi muryarsa, a ɗauki hoton takardunsa.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Hoto kawai, ɗiyata. Kada kowa ya karɓi takardar ɗaukar aiki ko ta ritaya daga hannun tsoho ko matar mamaci. Da su ake zuwa tantance 'yan fansho.

Malamin Tarihi: Abin da iyalai suka bayar da kansu, kamar bel da hular kwano, ina ganin a nemi gidan tarihi na Kanta a nan Argungu. Kwafin murya kuma a kai wa cibiyar adana tarihi ta Arewa House a Kaduna.

Ɗan Yauri: Na Yauri dai a bar mana kwafi a Yauri. An taɓa kwashe mu sau ɗaya.

Mai Walda: Ni ban sauka daga maganata ba, taransifoma ta fi mini komai. Amma in za ku je wurin tsofaffin, kada ku tsaya kan labarin jarumta. Ku tambaye su yaushe kayan gyara suka daina zuwa, kuma me ya sa layin da aka ja wa ƙaramin gari aka bar shi ɗauke da gari da ya ninka. Ina son in ji daga bakinsu.

Baba Tsohon Ma'aikaci: Zan faɗa, har da abin da ba ya mana daɗi. Ɗiyata, ki zo da littafin ranar Asabar bayan la'asar, akwai alamomin da ba mai gane su sai ɗan layi. Kai ma mai walda ka taho, Jega ba nisa.