Kwamfutocina biyu ba sa ganin juna a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutocina biyu, mai Windows 10 da mai Windows 11, suna kan rauta ɗaya (na'urar da ke raba intanet a gida), kowace tana samun intanet, amma ba sa ganin juna. Ina matsalar take?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara duba adireshin IP na kowace, wato lambar da rauta ke ba kowace na'ura. Idan ɗaya tana 192.168.1.5, ɗayar kuma 192.168.0.7, to ba a layi ɗaya suke ba, wataƙila ɗaya ta hau Wi-Fi na baƙi, wanda yakan raba na'urori da gangan.

Amsa ta biyu: Ni kuwa saitin Windows na fi zargi, domin muddin haɗin yana kan Public (saitin wurin jama'a), ɓoye kanta kwamfutar take yi. Ka mayar da shi Private (saitin gida), sannan ka kunna Network discovery, wato saitin da ke ba kwamfutoci damar ganin juna, a dukkansu.