Waƙa tana katsewa, bidiyo yana tsayawa: yadda muka gyara Wi-Fi na gida

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na tara waƙoƙi da bidiyoyin iyali a wata tsohuwar kwamfuta domin kowa a gidan ya riƙa saurare ko kallo ta wayarsa ko ta talabijin, amma da zarar mutum biyu sun kunna abu a lokaci guda sai komai ya fara tsaitsayawa. Rautata, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, irin ta 802.11g ce, tsarin Wi-Fi da ya fito tun 2003. Kafin in sayi sabuwa, ina roƙon waɗanda suka taɓa fama da wannan su faɗa mini abin da ya yi musu amfani.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni da farko ƙarfin intanet na ƙara, ina zaton can matsalar take, alhali fayil ɗin da ke tafiya daga kwamfuta zuwa talabijin ko ƙofar gida ba ya fita. Megabit 54 da ake faɗa game da irin rautarka, da ƙyar ake samun rabinsa a aikace, kuma duk na'urorin gidan ne ke rabon sa. Waƙa ba ta da ci, domin MP3 ba ya wuce kilobit 320 a daƙiƙa, sautin faifan CD kuwa 1,411 ne. Bidiyo ne mai haɗama, musamman wanda wayoyin yanzu ke ɗauka a 4K.

Amsa ta biyu:
Na sayi rauta mai Wi-Fi 5 na mayar da ita inda tsohuwar take, wato cikin kabad a bayan talabijin, sai na tarar ɗakin ƙarshe ya fi da lalacewa. Daga baya na gane cewa zangon 5 GHz da Wi-Fi 5 ke amfani da shi yana da sauri amma bango yana raunana shi, shi kuwa 2.4 GHz yana kai wa nesa, sai dai cunkosonsa ya yi yawa, domin a nan Bluetooth da murhun microwave da rautocin maƙwabta suke. Har yara sun gane cewa idan ina ɗumama abu, waƙarsu za ta yanke. Na fito da rautar tsakiyar gida na ɗora ta a sama, na zaɓi tasha ta 11 a zangon 2.4 GHz saboda maƙwabta sun cika ta 1 da ta 6, kuma waɗannan ukun ne kawai ba sa hawa kan juna.

Amsa ta uku:
Hajiya mai amsa ta biyu ta yi gaskiya a kan wurin ajiye rauta, amma ni abin da ya raba ni da matsalar kebul ne. Idan kwamfutar da ke riƙe da fayilolin tana kan Wi-Fi, kowane bidiyo sai ya bi iska sau biyu, daga kwamfuta zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa talabijin. Na haɗa ta da kebul na Cat5e, wanda ke ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100. Na'urar ƙara nisa da na fara saya kuwa na yi nadamarta, domin rabin saurin ta cinye.

Amsa ta huɗu:
Kwana biyu talabijina bai ga ma'ajiyar fayilolina ta DLNA ba, wato tsarin raba waƙa da bidiyo tsakanin na'urorin gida, ashe a layin Wi-Fi na masu ziyara na haɗa shi, wanda aka yi shi musamman don hana na'urori ganin juna. Ka kuma bar tsohon tsaron WEP ko TKIP, domin yana mayar da sabuwar rauta megabit 54; ka zaɓi WPA2 mai AES ko WPA3.

Mai tambaya:
Na gode, 'yan'uwa. Jiya na ja kebul zuwa kwamfutar, waƙa ta daina katsewa tun kafin in canza rauta. Bidiyon 4K ne ya rage, kuma na duba na ga ramukan kebul na tsohuwar rautar megabit 100 ne, don haka wadda zan saya sai na tabbatar nata na gigabit ne.