Abin da aka ce kan ƙofar injin wanki

Jama'a na gode, ga abin da na tsinta a hirar jiya tunda ƙofar injina ta ƙi buɗewa da yunifom ɗin yara a ciki. Da yawa sun ce a zare soket a jira minti 2 ko 3, makullin sai ya huce yake saki, kuma kar a ja da ƙarfi, hannun roba ne. In akwai ruwa ciki ba za ta buɗe ba, sai a kwance filta ta ƙasa a tara kwano, ni a filtar injina tsabar kuɗi da fil ɗin hijabi na tarar wallahi. Wani mai gyara daga Ƙofar Ƙaura ya ce in makullin ya ƙone canji kawai, sukurori biyu ne, kar a yarda a haɗe waya a tsallake makullin.