Neman shawara: wace fulawa mai yaɗo ce za ta rufe mini tsakar gida da wuri?

Maman Hanif, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan shuke-shuke. Maƙwabcinmu ya ɗora bene bara, tagar ɗakinsu na sama kuma tsakar gidana take kallo. Mutanen kirki ne, ba mu taɓa samun saɓani ba, amma tun lokacin ko wanki da hijabi nake yi a cikin wannan zafi. Maigidan ya ce a kafa rumfar kwano, ni kuwa na san yadda kwano ke turara gida da bazara, shi ya sa na fi son fulawa mai yaɗo, in samu sutura da inuwa da abin kallo.

Wurin bai fi ƙafa 12 da 10 ba, duk siminti ne, rana na dukansa daga hantsi har la'asar. Ruwa saye muke yi wajen 'yan ga-ruwa. Ina da yara uku, ƙaramin rarrafe yake, sai tumaki biyu a bayan gida. Bara na sayi boganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ake gani a katangun gidaje, guda biyu a leda, ɗaya ta bushe cikin sati, ɗayar tana nan a bokiti, ganye shar, amma ko fure ɗaya ba ta taɓa yi ba, alhali kullum safe da yamma ina ba ta ruwa. Ga shi muna cikin Mayu. Me zan shuka da zai rufe wurin kafin damina ta wuce?

Baban Zahra, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo maganar iri, ki lura da abu ɗaya: daga sama ake hango ki. Ko kin lulluɓe katangar nan kaf da ganye, tagar bene za ta ci gaba da ganin tsakar gidan. Rumfa kike buƙata wadda shukar za ta hau ta kwanta a kai. A samu mai walda ya kafa turaku huɗu na bututun ƙarfe, tsayin kamar ƙafa 8, a binne gindinsu da kankare, a gicciya rodi a sama, a ja waya tsakani kamar raga. Kada a yi da itace. Na yi da gora shekarar farko, gara ta cinye gindin, iskar farkon damina ta zo ta kwantar da komai a dare ɗaya. Ganye idan ya jiƙe nauyinsa ba wasa ba ne.

Sai a fasa simintin a gindin turaku biyu, faɗin ƙafa 2, zurfi zuwa gwiwa. A cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin tumakinki kashi ɗaya. Ruɓaɓɓe na ce, wanda ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙona saiwa yake yi.

Anti Mai Fulawa, Kaduna:
Maman Hanif, boganbiliyarki lafiyarta ƙalau, gata ne ya yi mata yawa. Asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma ɗabi'arta sai ta ji ƙishi da rana sosai take fure. Shi ya sa za ki ga da rani ta fi yin ja a katangun gidaje, lokacin da sauran tsirrai suka yi yaushi. Ki daina ba ta ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe, ki rage taki, ki fito da ita inda za ta sha rana aƙalla awa 6. Waccan da ta mutu kuwa, ina kyautata zaton wajen cire ledar ƙasar ta wargaje. Saiwarta ba ta son a taɓa ta ko kaɗan. Da reza ake tsaga ledar, a ɗauki dunƙulen ƙasar yadda yake a sa a rami.

Amma in gaya miki gaskiya, ba za ta rufe miki rumfa a damina ɗaya ba, ki ba ta kamar shekara biyu. Ba ta kuma kama waya da kanta, sai kin riƙa ɗaure rassan. Ga ƙaya, ga mai rarrafe. Idan kin yi mata aski ki share wurin nan take.

Iya Hajjo, Maraɗi:
'Yata, ki shuka soso. Mu da shi muka tashi a kan danga da rumfunan gidajenmu, ba mu taɓa sayensa ba. Ƙwaya uku a kowane rami da ruwan farko, cikin wata biyu ya hau ya shimfiɗa, ganyensa faffaɗa, furensa rawaya manya, kowace safiya sababbi. In kaka ta yi ki sauke 'ya'yan ki ɓare, kin samu na wanka da na wanke-wanke har ki ba maƙwabta. Aibinsa ɗaya, sanyi na shigowa zai bushe. To shi ya sa za ki dasa waccan mai ƙayar a ɗayan ramin tun yanzu, soso na yi miki aiki bana, ita tana girma a hankali.

Ummu Sadik, Bauchi:
Na goyi bayan Iya. In ƙara da wata da nake da ita, dangin wake ce mai shuɗin fure, masu sayar da fulawa suna ce mata bataflai fi. Ki jiƙa irin ya kwana a ruwa, zai tsiro cikin sati ɗaya zuwa biyu, wajen wata biyu ta fara fure. Ba ƙaya, ba ta cutar da dabba, a wasu ƙasashe ma don kiwo ake noma ta. Furen ana shayi da shi, ki matsa lemon tsami ki ga ruwan ya juye daga shuɗi zuwa ruwan hoda mai duhu, yarana har rige-rigen tsinka suke. Sai dai ganyenta ƙanana ne, ba za ta ba ki inuwa kamar soso ba. A jikin turaku ta fi kyau.

Abban Walid, Katsina:
Ni fulawar nan mai yaɗo da ake kira Rangun zan ce. Da magariba furen ke buɗewa fari, washegari ya yi ruwan hoda, daga baya ya koma ja, sai ki ga kala uku a reshe ɗaya. Ƙamshinta da daddare har waje ake ji, kuma ta fi boganbiliya saurin hawa.

Anti Mai Fulawa, Kaduna:
Rangun na da kyau Malam, ina da ita, amma ka tuna ruwa saye take yi. Da bazara in ba ta samu ruwa ba ganyen zuba yake, daidai lokacin da ake neman inuwar. Kuma saiwarta tana bi ta ƙarƙashi ta fito da 'ya'ya nesa da gindin. In dai za a dasa, a nisanta ta da sokawe da harsashin gini.

Malama Nas, Gusau:
Ni a asibiti nake aiki, ta wajen yaran zan yi magana. Duk wanda ya ba ki irin idon zakara ya ce yana yaɗo da sauri, kada ki karɓa. 'Ya'yansa jajaye masu ɗigon baƙi suna jan hankalin yara, kuma dafi ne mai kisa idan aka tauna. Haka fulawar nan mai manyan furanni rawaya da ake kira alamanda, farin ruwan da ke fita in an karya ta yana sa ƙaiƙayi, a ciki kuma yana sa amai da gudawa. Duman kada ma furensa kyakkyawa ne amma yana yi wa tumaki illa. Duk abin da za ki saya, ki tambayi sunansa tukuna.

Maman Hanif, Kano:
Allah ya saka da alheri, wallahi batun rumfar ko kaɗan bai zo mini ba, katanga kawai nake ta tunani. Na nuna wa maigidan, ya ce gobe zai kira mai walda. Soso da boganbiliyar zan haɗa kamar yadda Iya ta ce, shuɗiyar kuma a sauran turakun cikin robar fenti. Saura abu biyu: surukata ta ce irin wannan shuka tana kawo macizai, sannan ko zan iya ba su ruwan wanki don in rage saye?

Baban Zahra, Zariya:
Maganar Hajiya babba tana kan hanya, amma abin da maciji ke bi duhuwa ce a ƙasa da ɓeraye. Ki riƙa cire ganyen ƙasa har zuwa tsayin ƙugu yadda za ki ga gindin sarai, ki share busasshen ganye, kada ki tara itace ko tarkace a wurin, kada kuma ki bar reshe ya tsallaka katanga ko ya kama wayar wuta. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ki zuba, a hankali yake lalata ƙasa. Ki ajiye bokiti inda ake alwala da inda ake wanke shinkafa da kayan miya, wannan ya ishe su. Tumakin kuma ki kewaye gindin da raga tun ranar shuka, don in suka samu soso yana ɗan tsiro, a cizo ɗaya za su gama da shi.