Shelar Ɗaukakarsa Ga Al'ummai: Musayar Baitoci Daga Sakkwato

Ɗan Mabera:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ranar Lahadi mai bishararmu ya karanta Zabura 96:3, inda aka ce a yi shelar ɗaukakar Ubangiji cikin al'ummai, a faɗi ayyukansa masu banmamaki ga dukan mutane. Tun ranar ayar nan take cina a zuciya. Na ɗauki amsa-amon "ya", mai iyawa ya biyo ni.

Da sunan Uba zan buɗe baki,
Wanda ya shimfiɗa duniya.
Zabura ta ce a yi shelar girma,
Ga al'ummai a ɗaga murya.
An kira Ibrahim yana Haran,
Ya bar dangi ya kama hanya.
Aka ce ta kansa kabilu duka,
Za su sha albarka baki ɗaya.
Yesu ya ce ku zama shaiduna,
Daga Urushalima har Samariya.
To ni zaman me nake a Mabera?
Ku ba ni fasfo in tafi Asiya.

Mama Mai Tulu:
Sannu da ƙoƙari ɗana. Amma dakata.

Ɗan Mabera mai neman fasfo,
Zan tambaye ka, faɗi gaskiya.
Maƙwabcinka ya kwana uku kwance,
Ka leƙa ka yi masa ya lafiya?
Kana hangen ruwan Bahar Maliya,
Ƙofar gidanka akwai rijiya.
Ayar da Urushalima ta fara,
Kai ka yi tsalle ka dira Asiya.

Ɗan Mabera:
Mama na durƙusa, amma wannan ba zan bar ta ta wuce ba.

Mama tulunki ya yi zaƙi,
Sai dai kin tsaya rabin aya.
Wanda ya ambaci Urushalima,
Ya ce har iyakar duniya.
Da Bulus ya yi zamansa a gida,
Wa zai amsa kiran Makidoniya?
Yunusa ya ƙi Nineba ya gudu,
Cikin kifi ya koyi biyayya.

Ɗan Gidan Mishan:
Kai! Ɗan Mabera ka gama magana. Jinin cocin ECWA ba ya ɓuya. Mama ki yi haƙuri, mu 'ya'yan masu tafiya ne. A Disambar 1893 samari uku suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar nan tamu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida jiki ba ƙwari. Ba a daddara ba, sai 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi. Daga wannan tushen ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Da sun ce sai sun gama gaida maƙwabta, yau ina muke?

Su uku suka taso ƙasar Turawa,
Biyu suka kwanta ba su ga girbin gonar da suka share ba tun jiya.
Mu ne girbin, mu ne dami,
ECWA ce uwar tafiya.

Ɗiyar Katidiral:
Yayana, "uwar tafiya" kuma? To ji.

Ɗan Gidan Mishan sassauta kirari,
Bishara ba ta son tutiya.
Tun Ingila ba ta ji sunan Yesu ba,
Ta riga ta shigo wannan nahiya.
Baban Habasha yana cikin karusa,
Yana karatun Annabi Ishaya.
Filibus ya hau ya warware masa,
Ya yi baftisma a gefen hanya.

Duba Ayyukan Manzanni sura 8. Kuma in lissafi ake so, Sakkwato ta zama dayosis ɗin Katolika tun 1964, Bishof Matthew Hassan Kukah yana kan kujerar tun 2011. Ba ku kaɗai kuka sha ranar garin nan ba.

Ɗan Gidan Mishan:
Ƙanwata, 1964 da 1893 ai ba sa'o'in juna ba ne.

Ɗiyar Katidiral:
In tsufa ake ji da shi, ka san wa ya girmi wa.

Mama Mai Tulu:
Ku biyun nan ku je ku karanta 1 Korintiyawa sura 3. Bulus ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, wa ya sa ya tsira?

Malam Mai Aruli:
Ni ba rigimar ɗarika ta kawo ni ba. Ɗan Gidan Mishan, baitinka na farko ne ya hana ni shiru. Ɗangon farko gaɓa 12, na biyu gaɓa 22. Wace dabba ce ƙafarta ɗaya ta kusa ninka ɗaya? Sannan "tun jiya" ɗin nan ba ta da aikin yi a wurin, ka jawo ta ne da igiya don ta cika maka amsa-amo. Sauran ma ba ku tsira ba, babu wanda ya tsaya kan kari ɗaya. A garin nan Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci tana koyar da mata, maƙwabtanmu sun san ɗango mai lafiya tun suna yara. In za mu yabi Ubangijinmu a gabansu, kada mu kawo gurgu. Ga karin waƙa na Mutaƙarab, ku buga da yatsa ku ji:

Ku tashi ku kai ta ga kowa da kowa,
Bishara ta Yesu ga duk duniya.
Bahaushe da Buzu, Bature da Igbo,
Su taru gabansa da murya ɗaya.
Yabo ne na Sarki, a kai shi da kyau dai,
Ku auna ƙafarsa, ku bar ƙin wuya.

Ɗiyar Katidiral:
Wannan ita ce waƙa! Malam, Allah ya ƙara basira. Baiti na biyu Wahayi 7:9 ne sak.

Ɗan Gidan Mishan:
Ai dole ki yaba, tunda ni aka sara. Malam, "da kyau dai" ɗin nan fa? Me "dai" take yi a wurin in ba cike gurbi ba? Igiyata da taka duk kaba ɗaya ce.

Malam Mai Aruli:
Tawa gaɓa ɗaya ce, taka goma. Kuma "dai" tana ƙarfafa magana.

Ɗan Mabera:
Jama'a, Zabura 96 fa muke.

Malam Mai Aruli:
Zabura ma ai waƙa ce, kuma aya ta farko cewa ta yi a raira sabuwar waƙa. Ba a raira abin da ya karye.

Mama Mai Tulu:
Malam, mu a Zumuntar Mata ba mu san Mutaƙarab ba. Tafin hannu a bakin tulu da caki su ne ma'auninmu. In ɗango ya yi tsawo sai mai ba da waƙa ta ja shi, masu amshi su tare ta.

Malam ka zo da sikelin zinari,
Kana awon gero da tiya.
Bitrus harshensa ya tona shi,
Aka ce wannan Bagalile ne, ba ƙarya.
Shi ne ya tashi ran Fentikos,
Mutum dubu uku suka juya.
Musa ya ce bakinsa da nauyi,
Shi aka aika gaban Fir'auna ya tsaya.

Malam Mai Aruli:
Mama, na ƙarshen nan ma ya zarce.

Mama Mai Tulu:
Zo ranar Alhamis ka ji yadda muke rera shi, in ya zarce ka faɗa.

Ɗan Gidan Mishan:
Mama ta ci! Na koma bayanki.

Baba Na-Amanawa:
Ɗiyana, ku gafarce ni da jinkiri, jikana ka karanta mini saƙonninku, kuma sai da dare shika dawowa. Kwana biyu ina sauraren gardamarku. Ni ban san aruli ba, amma bari in hwaɗa muku abin da nig gani da idona.

Amanawa nit tashi, can hanyar Dange, inda mishan na SIM sunka riƙa jinyar masu kuturta. Uwata na cikin masu wankin miki. Da sassahe za a jera kwanoni da ruwa, kowa shi tsoma ƙahwa ta jiƙa, sannan a kankare kanta a hankali, a shahwa mai, a naɗe da bandeji. Mai wagga cuta ba shi jin zahi ga ƙahwa, ƙaya na iya shiga shi yini bisanta bai sani ba, don haka kullum sai an duba tsakanin yatsu, in akwai sauran yatsun. Mahi yawan waɗanda ta wanke Musulmi na, kuma ba ta taɓa tambayar kowa addininai ba kahin ta kama ƙahwatai. Akwai wani tsoho da danginai sunka bari, kwanon cinai ma daban anka aje mishi gida. Ran da uwata ta ɗora ƙahwatai bisa cinyarta, sai yah hwashe da kuka, yat tambaye ta mi as sa. Tac ce Ubangijinta ya taɓa kuturu da hannunai, ita wa ta da za ta ƙi. Iyakar wa'azinta ke nan rannan. Da maraice ubana shi buɗe Littahi Mai Tsarki na Hausa, wanda anka buga 1932, aikin su Likita Miller na Wusasa, shi karanta ga hitila, wanda ka so shi matso.

Ɗaukaka nig gani cikin kwano,
Ruwan ɗumi da tsumma ɗaya.
Hannun da duk gari ag gudu,
An riƙe shi ba a jin ƙya.
Wanda yaz zo daga nesa da na gida,
Sun durƙusa ga tabarma ɗaya.
Ɗan Mabera, tahi in an kira ka,
Amma ka koyi durƙuso tun ɗaya.

Ɗiyar Katidiral:
Baba, na karanta sau uku. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Malam Mai Aruli:
Baba ya maimaita "ɗaya" sau uku, kuma ya gutsure "ƙyama" ta koma "ƙya". A wurin wani da na yi magana. A nan na ajiye sikeli.

Direban Illela:
Sai yau na samu intanet, ina can tsallake. Baba, ina gaisuwa. Ɗan Mabera ƙanena, al'umman da kake nema ni kullum ina ɗaukar su a mota. Daga Sakkwato ka bi Illela ka shiga Ƙonni, ka karya gabas hanyar Maraɗi, sai Galmi mai jar albasa. Akwai asibitin mishan a can tun 1950, bakin ƙofarsa za ka ji Hausa da Buzanci da Fulatanci da Zabarmanci a inuwa ɗaya. Ni ba na tsayawa wa'azi a tasha. In fasinja ya manta kuɗi a kujera na bi shi na mayar, wani lokaci ya tambaye ni dalili, sai in ba shi amsa da ladabi yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce.

Ɗan Mabera bar jiran jirgi,
Ga kujerar gaba, zo mu yi tafiya.
Al'ummai na nan bayan Illela,
Ba sai ka ƙetare Maliya.
Habakuk ya ce sanin ɗaukakarsa,
Zai cika ƙasa kamar ambaliya.
In ka iya zama cikin buhun albasa,
Ka fara karatun zuwa Asiya.

Malam Mai Aruli:
Direba, Habakuk 2:14 ruwan teku ya ce, ba ambaliya ba. Kada amsa-amo ya sa mu canza aya.

Direban Illela:
Na karɓa Malam. A mayar da shi teku, amsa-amon ka nemo mini.

Ɗan Mabera:
Mama, jiya da yamma na shiga wurin maƙwabcin nan da kunun tsamiya. Zazzaɓi ne, ya fara samun sauƙi, ɗansa ya raka ni har ƙofa. Maganar Asiya kuma ban janye ba, tana nan a addu'ata.

Mama na leƙa, na kai kunu,
Baba na ji, na sa a zuciya.
Direba ajiye mini kujerar,
Ran Asabar in muna da lafiya.

Ƙarfe nawa kake tashi, kuma katin shaida ya isa a kan iyaka ko sai da wata takarda?

Direban Illela:
Shida na safe. Taho da katinka da ruwan sha, sauran zan faɗa maka a mota.