Tambaya kan zaren kabon da ƙaron tsirrai mai ɗinke kansa

Mai gyaran bodi, Panteka:
Assalamu alaikum. Makon jiya wani ya kawo mini keken tsere na zaren kabon (wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake amfani da shi maimakon ƙarfe) wanda ya tsage a ƙarƙashin sirdi, na mayar masa da abinsa, domin walda ba ta kama shi, guduma kuwa ƙara ɓata shi za ta yi. Yanzu kuma na ji ana cewa an samar da ƙaro daga tsirrai wanda ke ɗinke tsagarsa da kansa. Don Allah masana su yi mana bayani.

Malamin kimiyya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Maganar tana da tushe. Zaren kabon shi kaɗai ba ya tsayuwa, sai an jiƙa shi da ƙaron ifoksi, wanda akasari daga ɗanyen mai ake samo shi, kuma da zarar ya daskare ba ya sake narkewa. Shi ya sa masu son ƙwato zaren sukan gasa kayan da zafin da ya kai wajen digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, har zaren ya rage ƙarfi. A shekarar 2011 Ludwik Leibler da abokan aikinsa a Faris suka fito da wani nau'in ƙaro da ake kira bitirima, wanda mahaɗan cikinsa ke kwancewa su sake ƙulluwa idan ya ji zafi. Daga baya masu bincike suka riƙa haɗa irinsa da man waken soya, da man ɓawon kashu, da sinadarin da ake tatsa daga itace.

Injiniya, Kakuri:
Ɗan'uwa, kada sunan "mai ɗinke kansa" ya ruɗe ka. Ƙaron ne ke haɗewa idan an ɗumama shi an danne, kuma a kan ƙaramar tsaga kawai. Zaren da ya tsinke ya tsinke ke nan. A ganina babban amfaninsa shi ne a narkar da ƙaron cikin ruwan sinadari a zaro zaren da tsawonsa, domin shi ne mai tsada. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin waɗannan kayan haɗin zare da ƙaro ne, ka ga ranar da jiragen suka tsufa za a sami tulin zaren da bai kamata a binne ba.

Mai gyaran bodi, Panteka:
Na gode, Malam da Injiniya. Ashe ko da sabon ƙaron aka yi keken, sai na fara duba ko tsagar ta ci zaren kafin in karɓi aikin.